SHARHI: Abubakar Adam Ibrahim da matattun da rahoton kwamiti bai ambata ba

A watan Oktoban 2025 alƙalan gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG suka bayyana littafin Sanya na Oyin Olugbile a matsayin wanda ya lashe kyautar dala 100,000 ta shekarar. Cikin littattafai 11 da aka fara tacewa akwai When We Were Fireflies na Abubakar Adam Ibrahim, marubuci haifaffen Jos, wanda ya taɓa cin wannan kyauta a 2016. A wannan karon bai shiga sahun ukun ƙarshe ba, kuma maganar ta yi kwanakinta a jaridu ta wuce.

Duk da haka littafin ya cancanci a sake waiwayarsa, musamman a wajen ma'aikatan gwamnatin tarayya da hadiman masu riƙe da muƙamai. Abin da ya ɗauko ya shafi aikin da ake yi a ofisoshinsu: yadda ƙasa take adana labarin mutanen da aka kashe a rikici, da yadda take barin labarin ya ɓace.

Labarin ya tashi ne daga tashar jirgin ƙasa ta Idu, wadda duk ma'aikacin da ke zuwa Kaduna hutun ƙarshen mako ya san ta. Wani mai zane, Yarima Lalo, ya ga jirgi yana tafiya a karon farko a rayuwarsa, sai kwatsam ya tuna cewa an taɓa kashe shi har sau biyu a wasu rayuwoyi da ya yi a baya, ɗaya daga ciki ma a cikin jirgin ƙasa. Tare da wata mata mai suna Aziza, ya shiga neman mutanen da suka san shi a can baya, da waɗanda suka ƙaunace shi da waɗanda suka kashe shi, tafiyar da ta kai shi har Kafanchan. Littafin ya fito a 2023, shekara guda bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022. Mai karatu a Abuja bai buƙaci wani ya fassara masa abin da kisa a cikin jirgi yake nufi ba.

Daga Jos zuwa teburin edita

An haifi Abubakar Adam Ibrahim a Jos a 1979, kuma a Jami'ar Jos ya karanci aikin jarida. Garin da ya tashi a cikinsa ya shahara da zaman cuɗanya tsakanin ƙabilu da addinai, har zuwa ranar 7 ga Satumba, 2001, lokacin da rikici ya ɓarke. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 1,000 ne suka mutu cikin ƙasa da mako guda. A watan Nuwamban 2008 wutar ta sake tashi bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, sannan a 2010 ta sake ruruwa. Yana da shekara 22 lokacin rikicin farko, wato duk ƙuruciyarsa ta marubuci ta gudana ne a ƙarƙashin wannan hayaƙi.

Ya fara fitowa fili a 2007 da ya ci gasar BBC ta wasan kwaikwayon rediyo na Afirka. Daga nan ya yi shekaru yana aiki a jaridar Daily Trust a Abuja, a shafukan adabi da na rahotanni na musamman. A 2018 ya karɓi kyautar Michael Elliott ta aikin jarida saboda rahoton da ya rubuta a mujallar Granta kan mutanen da Boko Haram ta raba da gidajensu. Wannan ɓangare na rayuwarsa yana da muhimmanci wajen fahimtar littattafansa. Mutum ne da ya san yadda ake tattara alƙaluma da shaidu, ya kuma san iyakar abin da rahoto yake iya ɗauka. Da ya juya ga ƙagaggen labari mai cike da al'amuran ban mamaki, ya yi haka ne da saninsa, bayan ya gwada ɗaya hanyar.

Littafinsa na farko, The Whispering Trees, tarin gajerun labarai ne da kamfanin Parrésia na Legas ya buga a 2012. Labarin da littafin ya ci sunansa ya kai zagayen ƙarshe na gasar Caine a 2013. A cikinsa wani ɗalibin likitanci, Salim, ya rasa mahaifiyarsa da ganinsa a hatsarin mota, daga baya ya fara ganin abin da masu ido ba sa gani. A 2014 aka sanya sunan marubucin cikin jerin Africa39, wato marubuta 39 'yan ƙasa da shekara 40 da ake sa ran za su yi tasiri a adabin Afirka.

Littafin da ya ɗaga shi

Season of Crimson Blossoms, wanda ya fito a 2015, shi ne ya ci kyautar NLNG a shekarar da ta biyo baya, inda ya sha gaban Born on a Tuesday na Elnathan John da Night Dancer na Chika Unigwe. An fassara shi zuwa Faransanci da Jamusanci. Abin da ya fi jan hankalin jama'a a cikinsa shi ne haramtacciyar alaƙa tsakanin Hajiya Binta Zubairu, mai shekara 55 wadda mijinta ya rasu, da Reza, saurayi mai sayar da wiwi kuma shugaban 'yan daba. Wasu sun yaba da ƙarfin halin marubucin, wasu kuma suka ga ya tona abin da ya kamata a rufa.

Surutun da aka yi kan wannan alaƙa ya danne wani abu da ya fi ta nauyi. Gidan Hajiya Binta yana Mararaba, a bakin iyakar Abuja da Nasarawa, kuma gida ne na 'yan gudun hijirar da ba a rubuta sunansu a kowane sansani ba. An kashe mijinta a rikicin Jos. Fa'iza, yarinyar da take riƙo, a gaban idonta aka kashe 'yan gidansu, tun daga nan jini yake firgita ta, ta koma fakewa a littattafan soyayya. Ita kanta Hajiya tana ɗauke da nadamar ɗanta na fari, wanda kunya ta hana ta kiran sunansa har 'yan sanda suka harbe shi. Reza kuwa yana yi wa wani sanata aikin dabar siyasa, ana ba shi kuɗi da kariya muddin yana da amfani.

Duk ma'aikacin da ke bin hanyar Nyanya da Mararaba kowace safiya yana wuce gidaje irin wannan. A takardar gwamnati rikicin Jos ya ƙare ranar da aka janye dokar hana fita. A cikin littafin yana nan yana cin mutane shekaru bayan haka, a wata jihar daban, ba tare da an ji ƙarar bindiga ba.

Da ya zo Dreams and Assorted Nightmares a 2020, wanda kamfanin Masobe ya buga, marubucin ya ƙara nisa da salon da aka saba. Ya ƙirƙiri wani gari mai suna Zango, inda akwai bishiyar da kowane ganyenta yake ɗaure da ran mutum guda, idan ganye ya faɗi mai shi ya mutu. Labaran suna sarƙe da juna, wanda ya fito gefe a wannan labari sai ya zama jigo a wancan. Bahaushe ya san zango wurin yada kaya ne kafin a ci gaba da tafiya, ya kuma san tsohon zancen bishiyar da ke ɗauke da sunayen rayayyu. Marubucin ya ɗebo daga rijiyar gida, ko da yake da Turanci ya zuba.

Tsohuwar hanya ce a adabin Hausa

Masu sharhi a ƙasashen waje kan danganta irin wannan salo da marubutan Kudancin Amurka irin su Gabriel García Márquez. Mai karatun Hausa yana da misali mafi kusa. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. Ganɗoki ya fara ne da yaƙin gaske, wato zuwan Turawa da faɗuwar sarakunan Arewa. Da aka ci su da yaƙi, sai marubucin ya ɗauki jaruminsa ya kai shi ƙasar aljannu, inda takobi yake da sauran amfani. A ƙarƙashin mulkin Turawa, wannan ita ce ƙofar da ta rage a yi maganar raɗaɗin shan kashi.

Shaihu Umar kuwa, wanda mutumin da ya zama Firayim Ministan Najeriya na farko ya rubuta, ya adana labarin bauta da fataucin bayi ta hanyar uwa mai neman ɗanta a hamada. Bayan kusan shekara 50, a gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, aka samu Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982, wanda ya taɓo abin da ke faruwa da mutanen da suka koyi kisa a yaƙin basasa suka dawo gida. Ke nan akwai lokacin da gwamnatin tarayya da kanta ta ɗauki nauyin buga littattafai masu tono irin wannan miki. Abubakar Adam Ibrahim magajin wannan layi ne. Bambancinsa shi ne jarumansa ba sa tserewa zuwa wata duniya, matattu ne suke biyo su har cikin wannan.

Inda rahotanni suke kwana

Dalilin da ya sa marubuci zai buƙaci mamaci ya dawo ya binciki kisan kansa yana cikin tarihin kwamitocin bincike na ƙasar nan. A 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa domin binciken take haƙƙin ɗan Adam a zamanin mulkin soja. Kwamitin ya saurari jama'a a bainar kowa, ya miƙa rahotonsa a watan Mayun 2002. Gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, tana kafa hujja da hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 a ƙarar da Janar Ibrahim Babangida ya shigar. Ƙungiyoyin farar hula ne suka wallafa shi a 2005.

A Jos kaɗai an yi kwamitin Mai Shari'a Aribiton Fiberesima kan rikicin 1994, da na Mai Shari'a Niki Tobi kan na 2001, da na Bola Ajibola kan na 2008, da na Janar Emmanuel Abisoye wanda gwamnatin tarayya ta kafa kan wannan rikici dai, da na Solomon Lar a 2010. Kowane sabon kwamiti ya tarar da shawarwarin na gabansa ba a aiwatar da mafi yawansu ba. Kafanchan, inda Yarima Lalo ya je neman sawun tsohuwar rayuwarsa, nan ne rikicin Maris na 1987 ya faro daga Kwalejin Ilimi ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina.

Ba a rasa ma'aikatan kirki da suka yi wa waɗannan kwamitoci hidima ba. Akwai sakatarorin da suka kwana suna buga bayanan shaidu, da jami'an da suka tsara daftarin farar takarda. Aikin nasu yana nan a cikin fayil, fayil ɗin kuma yana cikin kabad. Wanda aka kashe wa uba bai gani ba, ɗan wanda ake zargi bai gani ba, don haka kowane ɓangare ya riƙe nasa labarin yana gadar wa 'ya'yansa.

Misalin Taraba

Jalingo ta ga sakamakon wannan ɗabi'a ƙarara. An ƙirƙiri Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma tun a shekararta ta farko rikicin Tibi da Jukun ya kama a yankin Wukari da Ibi. Ya sake dawowa a 2001. A watan Oktoban shekarar aka kashe sojoji 19 da aka tura yankin, aka tsinci gawarwakinsu a Zaki Biam ta Jihar Binuwai. Sojoji suka mayar da martani kan garin da ƙauyukan kewaye, inda Human Rights Watch ta ce an kashe fararen hula fiye da 200. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Okwuchukwu Opene kan rikice-rikicen Binuwai da Nasarawa da Filato da Taraba. Ta miƙa rahoto a 2003, ba a bayyana shi ga jama'a ba. Sai a 2007 babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Janar Luka Yusuf, ya nemi gafarar mutanen Binuwai. A 2019 rikicin Tibi da Jukun ya sake tashi.

A tsaunin Mambila, kashe-kashen watan Yunin 2017 sun bar alƙaluma iri biyu da suka yi hannun riga, na hukuma da na shugabannin Fulani. Ranar 24 ga Maris, 2018, a bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo, Janar Theophilus Danjuma, ɗan asalin Takum, tsohon babban hafsan sojan ƙasa, kuma ministan tsaro daga 1999 zuwa 2003, ya zargi sojoji da haɗa baki da masu kai hare-hare, ya kuma yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu. Rundunar soja ta kafa kwamiti, cikin wata biyu kwamitin ya wanke ta. Wanda ya yarda da Danjuma bai sauya ra'ayi ba, wanda ya ƙaryata shi ma haka.

Ɗaliban da suka saurari wannan jawabi, da yawansu suna ƙanana lokacin Zaki Biam. Abin da suka sani game da 1991 da 2001 daga bakin iyaye da dangi suka ji shi, kowa da irin nasa. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun wajen 2009, aka shafe shekaru ana maganar dawo da shi, har a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sake sanar da wajabta shi. Dawo da darasin abu ne mai kyau, sai dai malamin tarihi a Jalingo ko Wukari zai buƙaci takardun da zai koyar da su, mafi muhimmancinsu kuwa suna kulle a Abuja.

Inda littattafan suka tsaya

Akwai ƙorafi na gaskiya a kan aikin wannan marubuci. Na farko na aƙida ne. Musulmi da Kirista duka ba su yarda mutum yana mutuwa ya sake dawowa duniya a wani jiki ba, kuma akwai masu karatu da wannan kaɗai zai sa su ajiye littafin. Amsar da za a iya ba su ita ce littafin bai zo da wa'azin wata aƙida ba. Dabara ce ta ba da labari, kamar yadda ba wanda ya ɗauki aljannun Ganɗoki a matsayin fatawa. Dabarar ta ba wanda aka kashe damar tsayawa gaban wanda ya kashe shi bayan shekaru, ya ga yadda tsufa da nadama suka yi da shi, ya kuma yanke shawara tsakanin ramuwa da yafiya. Kotu da kwamiti ba su ba mutanen Jos ko Wukari wannan dama ba.

Na biyu na harshe ne da kuɗi. Mutanen da yake rubutu a kansu da Hausa suke magana, suke mafarki, suke makoki, shi kuwa da Turanci yake rubutawa, a buga a Legas, a sayar a shagunan littattafai na manyan birane. Mata irin Hajiya Binta da samari irin Reza ba su cika cin karo da littafin da ke ba da labarinsu ba. Hanyar fassara a buɗe take, kuma an taɓa bin ta ta ɗaya gefen: a 2012 wani kamfanin Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi wa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai ɗaukar nauyin juyar da littattafan Turanci na 'yan Arewa zuwa Hausa da Fulatanci da sauran harsunan yankin. Soke manufar koyarwa da harshen uwa da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar a watan Nuwamban 2025, shekara uku kacal bayan amincewa da ita, ba zai ƙara wa wannan kasuwa ƙarfi ba.

Na uku shi ne mafi nauyi. Ƙagaggen labari ba shaida ba ne. Ba ya biyan diyya, ba ya shata iyakar gona, ba ya gurfanar da kowa gaban alƙali. Marubuci yana iya nuna yadda ciwon yake, amma sunaye da ranaku da alhakin kowa suna hannun hukuma.

Abin da ke hannun ma'aikaci

A nan ne maganar ta dawo teburin mai karatu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Mayun 2011, ta ba hukumomi kwana 7 su amsa buƙatar duk ɗan ƙasa da ya nemi takarda. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa tana da manyan rassa a Kaduna da Ibadan da Enugu. Cibiyar Zaman Lafiya da Sasanta Rikici tana nan a Abuja tun 2000. Tsarin da ake buƙata yana nan a ƙasa. Abin da ya rage shi ne babban sakataren da zai ba da umarnin a lalubo tsofaffin rahotanni, da daraktan da zai tura kwafi ma'ajiya maimakon ya bar wa gara, da hadimin da zai gaya wa maigidansa, kafin a rantsar da sabon kwamiti, cewa akwai rahoton wani kwamitin a kan wannan rikici tun shekara 20 da suka wuce.

Masu adawa da fitar da irin waɗannan rahotanni sukan ce tono tsohon miki ne, zai iya tayar da sabuwar fitina. Damuwar tana da tushe, kuma akwai hanyoyin kare sunayen shaidu da waɗanda ba a tabbatar da laifinsu ba. Sai dai Filato da Taraba sun gwada rufewa na fiye da shekara 30, rikicin bai daina dawowa ba.

Yarima Lalo ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita yana tambayar tsofaffi wane ne shi da kuma dalilin kashe shi, domin babu ofishin da zai shiga a miƙo masa fayil. Rahoton Opene ya haura shekara 20 a hannun gwamnatin tarayya. Kwafi guda a ɗakin karatu na Jami'ar Jihar Taraba zai ba ɗalibin Jalingo, Batibe ne ko Bajukune ko Bafulatani, damar karanta abin da shaidu suka faɗa a gaban alƙali, ya auna shi da abin da aka gaya masa a gida.